Rigar da Salomi Ta Ba Tela

Akokan, watan Fabrairu

Taubashiyata Salomi,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, da ƙafar nan taki mai hana ki zuwa kasuwa amma ba ta hana ki zuwa gidan biki. Mu nan sai godiya. Matata Fibi tana gaishe ki. Ƴata Bangaskiya ma tana gaida gwaggonta, tana can lakwal, makarantar da take koyarwa, tana fama da ƴaƴan mutane.

Hamadi direban kar, motar fasinjan nan mai zuwa Maradi, na ba wannan takarda, don ban yarda da waya ba. Saƙon murya in ya shiga Maradi sai ya zaga dangi kaf kafin ya iso wurin mai shi. Kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma duk cikin waɗanda suka rage a can ke kaɗai nake iya buɗe wa cikina, duk da bakin nan naki.

Na ji daɗin labarin gidan Dattijo Daniyel. In da gaske suke nema wa ɗansu Yosuwa auren Bangaskiya, ni ba ni da ja. Tun da yarinyar nan ta dawo daga taron matasa na Maradi, ko miya aka ce ta yi gishiri sai ta san yadda ta sako sunan Yosuwa a zancen. Ke ce uwarta a can, ki riƙe maganar da hannu biyu.

Yanzu ga tawa. Kin san tun da aka rufe ramin haƙar uraniyum na Akokan, nan gefen Arlit, na bar kicin ɗin ma'aikata, na buɗe rumfar abinci a bakin tasha. Direbobin Assamakka da masu zuwa haƙar zinariya Tchibarakaten duk wurina suke ci, Patron suke ce mini, wato maigida, saboda tumbi. To, kwanakin baya gajiya ta dame ni, Fibi ta tasa ni gaba sai lopital, asibitinmu na nan. Likitan wani Ba'abzine ne mai suna Ismaghil, siriri kamar muciya, Hausarsa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Ya shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ya goga na'ura, ya daɗe yana kallon allo. Sai ya ce, "Baba, hanta naka ya yi kitse. Kana sha giya?" Na ce masa ni dattijon ikilisiya ne, ban san ɗanɗanonta ba. Ya ce, "To, ba giya kaɗai yake kawo shi ba. Tumbi yana kawo shi, da sukari, da yawan zama. Ba a ɗauka wurin wani, ba a ba wani."

Na ce to a ba ni maganin wanke hanta in tafi. Ya yi dariya, ya ajiye na'urar, ya ɗora yatsa a ƙirjina. Ya ce, "Ni nan nake ji ma tsoro. Masu kitse a hanta, da yawa ba hanta yake kashe su ba, zuciya ne. Abin da ya tara kitse can, shi yake toshe hanya na jini nan. Hanta ya ba ka labari ne kawai, tun da sauran lokaci."

Ya auna tansiyo ya ce jini ya hau, sukarin jini ma yana bakin ƙofa. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in rage tumbi, in riƙa tafiya da ƙafa kowace safiya, in bar mai da lemun kwalba, shayi kuma ba sukari. Shayi ba sukari, Salomi, a Arlit! Da na kai bakina na ce lallai zunubaina suna da yawa. Amma na fara. Ina so in ga ɗaurin auren yarinyar nan, in ɗauki ɗanta a hannuna.

Kada ki tayar da hankalinki, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu.

Naki,
Filibus


Maradi, watan Maris

Taubashi,

Na samu takardarka. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, ko da yake ban gode da tsiyar da ka yi mata ba. Ka gaida Fibi da ƴata.

Filibus, tun da idona ya faɗa kan maganar hanta, sauran abin da ka rubuta sama-sama na bi shi. Kuka na yi ta yi. Ni na yi jinyar mahaifinka, Kawu Nomau, kana can kana dafa wa Turawa abinci. Ni na ga yadda cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma kamar ruwan ƙwai, har ya rasu. Kowa a unguwar nan ya san burkutu ce ta cinye masa hanta. Don haka zan tambaye ka, ba da wasan taubasai ba: kana sha? Shekara da shekaru kana bariki, ga Turawa ga kwalabe. In kana taɓawa a ɓoye ka gaya mini, sannan ka je wurin fasto. Likitan bai tambaye ka a banza ba.

Maganar zuciya kuwa surutun likitoci ne. Zuciyarka me ta yi? Kai da ka ɗauko buhun gero daga bakin titi har cikin gidanmu da Kirsimetin nan? Ciwo yana hanta, a ce a lura da ƙirji? Hanta za mu yi wa magani.

Na ba Hamadi damin rake da galan ɗin zuma mai kyau ta ƙauye. Duk wanda shawara ta kama a garin nan, rake da zaƙi ake ɗura masa, haka muka taso muka gani. Ka sha safe da yamma. Ka kuma bar yawon safen nan, magidanci kamarka yana zaga gari da ƙafa kamar wanda aka kora daga gida.

Ka ce maganar ta tsaya tsakaninmu, kuma ta tsaya. Abu ɗaya kawai na yi. Ranar Alhamis a zumuntar mata na roƙa a sa wani ɗan'uwana na arewa cikin addu'a, mai ciwon hanta. Ban faɗi suna ba. Ciwo irin wannan ba a barin sa ba addu'a. Maman Yosuwa ma tana wurin, ita ce ta ja mana addu'ar. Mutanen kirki ne, ka gode Allah.

Taka,
Salomi


Akokan, bayan Ista

Salomi,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Kaya sun iso, na gode. Raken kuwa maƙwabta ne suka sha, zumar tana nan a rufe. Na gaya wa Ismaghil, ya ce zaƙi ne ya kawo ni inda nake, ba shi zai fitar da ni ba.

Kin tambaye ni ko ina sha. Duk lokacin da na sake karanta wurin sai in ji kamar an mare ni. Ni da na tashi ina jin warin abin nan a numfashin babana, ina ɗauko shi daga bakin hanya mutane na kallo? Duk shekarun da na yi a kicin kwalabe na wucewa ta hannuna, ban taɓa kai ɗaya baki ba. Da wani ne ya tambaya, da na ce bai san ni ba.

Sai kuma "wani ɗan'uwana na arewa". Ƴan'uwa nawa gare ki a arewa, Salomi? Addu'arku ta riga takardarki isowa. Wani direba, Sabiru, matarsa maƙwabciyar wata ƴar zumuntarku ce, shi ya sauke ta a tasha. Kafin ta iso nan ta zama ciwon hanta mai yaɗuwa, irin wanda mutane ke cewa a kwano ake ɗauka.

Ga kuma abin haushi: maganar likita tana aiki. Na rage. Wando sai da Fibi ta kama shi, ina tafiya mai nisa ba haki, tansiyo ya sauka, Ismaghil har tafa mini ya yi. Amma a garin nan in mutum ya rame ba wanda yake cewa ya ji sauƙi. Mun binne tsofaffin abokan aiki da yawa, kusan kowannensu da rama ya fara, ido ya riga ya saba. Wasu su ce ƙurar rami ce, wasu su ce abin da ya kashe uban ne, wasu su ce ciwon nan ne da ba a faɗar sunansa. Mai dafa abinci kuma, a ce ya rame da ciwon hanta! Jiya wani da ya daɗe yana ci a wurina ya zo da cokalinsa a aljihu. Sauran ko zuwa ba sa yi, rumfar wata Madina da ke ƙetaren titi suke tsallakawa. Tukunyar da ke ƙarewa kafin azahar, yanzu da ita muke komawa gida.

Na tsaya a gabansu na ce ba a ɗauka, likita ya faɗa da bakinsa. Ousmane mai kamiyo, babbar motar kaya, ya ce, "Patron, Allah ya ba ka lafiya, amma ina tumbin?"

Rumfa in ta mutu zan san abin yi. Abin da ba na so shi ne wannan magana ta taɓa Bangaskiya. Ke kika ɓallo ta, ke za ki je gidan Dattijo Daniyel ki gyara. Ki gaya musu abin da na rubuta miki tun farko, duka, har da na zuciyar da kika tsallake. In suna so, Ismaghil ya yarda ya yi musu bayani ta waya.

Filibus


Maradi, watan Yuni

Baban Bangaskiya,

Ina gaishe ku duka. Ruwa ya sauka nan, an yi shuka, yara lafiya. Na yi jinkirin amsa don raina ya ɓaci, kuma don ina ta zirga-zirga a kan maganarka. Ka gaggaya mini magana a kan addu'a, na yafe.

Na yi ta zuwa gidan Dattijo Daniyel har ƙafata ta kumbura. Da can a ɗaki ake shimfiɗa mini tabarma, yanzu a tsakar gida ake tsayar da ni. Wani ya turo wa Maman Yosuwa hotonka a waya, kana tsaye bakin rumfa, riga tana lilo a jikinka, wuya duk jijiya. Ta nuna mini. Filibus, ni kaina ban gane ka ba. Ta ce, "Wannan ne mai sauƙin?"

Na faɗa musu maganar likitanka. Dattijo ya ce shi ba ya ɗaura wa ɗansa aure da muryar waya, idonsa ya fi masa likita. Tsoronsu biyu ne. Ko dai sha ne, ya bi jini daga kaka har jika, ko kuma ciwo ne mai kama mutane, yarinya ta shigo musu da shi gida. Na yi maganar zuciyar ma tun da ka matsa, sai Maman Yosuwa ta ce, "Au, har da zuciya?" Da na sani da ban faɗa ba.

Yosuwa yana nan a kan bakansa, amma ba zai tsallake ubansa ba. Abin da na samo da ƙyar shi ne wannan: za a yi baiko ƙarshen Satumba, da sharaɗin kai da kanka za ka zo su gan ka. Na riga na ce musu ka warke, hoton na lokacin zafin ciwo ne.

Saboda haka ka saurare ni. Na sayi shadda shuɗiya, na kai wa tela tare da tsohon kaftanin da ka bari nan da Kirsimeti, ya yanka daidai da shi. An yi mata aiki daga wuya har ƙirji, tana nan a rataye. Kada ka zo mana a rame kana iyo a cikinta. Ka ajiye dokokin Ba'abzinen nan na wata uku kawai. Shi da bai taɓa ƙiba ba, me ya sani game da jikin Bahaushe? Ka ci tuwo da man shanu, ka sha fura, ka buɗe zumar da na aiko. Bayan an gama ka koma ka yi ta shan ruwan ɗacinka har ka gaji. Wata uku ba ya kashe mutum.

Ka zo ka cika rigar nan, Filibus. Auren ƴarka a kanta yake.

Salomi


Akokan, watan Agusta

Taubashiya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in dai lafiya ita ce abin da ido ke gani.

Na daɗe da takardarki a aljihu, na so in yaga ta. Sai wata safiya na ga Bangaskiya zaune bakin ƙofa da waya a hannu, tana jira ta yi ƙara, ba ta yi ba. Da ta gan ni ta yi murmushi ta ce kati ne ya ƙare wa Yosuwa. A ranar na buɗe galan ɗinki.

Ki yi murna, ina komawa yadda kuke so. Na fito da kujera gaban rumfa, inda duk mai shiga tasha zai gan ni, a nan nake cin abincina. Tuwo da man shanu, farfesun kai da ƙafa, lemun kwalba a gefe, shayi kuma da sukarinsa har yana kama leɓe. Na bar yawon safe. Ƙwayoyin ma na ajiye, don wani ya gan ni ina haɗiya ya ce ashe har yanzu. Wandon da Fibi ta kama ta warware shi. Kin san abin mamaki? Sun dawo. Mai cokali ya bar cokalinsa a gida. Ousmane ya daki tumbina ya ce, "Yauwa, Patron ya warke!" A majami'a har godiya aka yi a kaina ranar Lahadi, aka ce in tashi tsaye, aka yi tafi.

Hanyar lopital na daina bi. Ran nan na hango Ismaghil a kasuwa, na shige bayan masu gawayi kamar ɓarawo, ni da furfurata. Ya gan ni. Bai kira ni ba, ya dai tsaya yana kallon cikina, sannan ya wuce.

Bangaskiya ta yi mini faɗa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baba, me ya sa? Ka fara samun sauƙi fa." Na ce mata na gaji da ɗaci, kwaɗayi ya fi ƙarfina. Ta yi kuka, ta ce ba ta san ni da rashin haƙuri ba. Gara ta ɗauke ni makwaɗaici da ta san dalili, don in ta sani za ta ce ta fasa, na san halinta. Fibi ta sani, ta yi alkawarin yin shiru. Ke ma ki yi, wannan karon da gaske, ko a addu'a.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushinki. Ina jin haushin Dattijo Daniyel da idon nan nasa da ya fi likita. Amma na fi jin haushin kaina, don ku ba ku ji abin da aka gaya mini ba, ni na ji. Kowace loma da sanina nake kai ta.

Wani ƙaramin abu. Kwanan nan in na ɗaga tukunya ko na yi sauri, sai in ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora mini turmi, yana bi ta hannun hagu, in na zauna sai ya wuce. Fibi ta ce ƙwannafi ne saboda mai. Ni ma haka nake so ya zama.

Ki gaya wa tela kada ya rage komai.

Filibus


Maradi, ƙarshen Oktoba

Uban amarya,

Gaisuwa da fatan kun isa lafiya, tun da ba a ga dama an sanar da ni ba. Mu nan an fara girbi, gero ya yi kyau, kowa lafiya.

Har yau zancen baikon ake yi. Ka ga fuskar Maman Yosuwa da ka fito daga ɗaki cikin shaddar nan? Maɓallin wuya da ƙyar ya shiga! Ta ja ni gefe ta ce, "Maman yara, ashe hoto ƙarya yake yi." Dattijo Daniyel kuwa, wanda ke tsayar da ni a rana, shi ne ya jawo kwano ya ce ku ci tare, hannu da hannu, kowa na gani. Ni dai na je bayan ɗaki na yi kukan daɗi. Wa ya ce shawarata ba ta ci?

Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Tun da ka sauka har ka tafi ba ka ce mini na gode ba. Da aka fito daga majami'a kowa na rawa, kai ka zauna a kan matakala kana gumi, fuska a murtuke, kamar ba ƴarka ake yi wa ba. Na zo na tsokane ka, na ce tumbi ya hana Patron tashi, ko kallona ba ka yi ba. Washegari ka ce sai tafiya. A tasha ka riƙe hannuna ka daɗe, na zaci magana mai daɗi za ta fito, sai ka ce, "Kin samu abin da kike so." Ka shige kar. In fushin addu'ar nan ne har yanzu, ya isa haka, ai ga shi komai ya gyaru.

Na ba Hamadi jar kanwa saboda ƙwannafin, ka jiƙa ka sha bayan abinci.

An tsayar da ɗaurin aure satin bayan Kirsimeti. Na san na ce wata uku, amma ka yi tunani. In ka koma shan ɗacin nan yanzu, ka zo ranar biki a rame, sai su ce ciwo ya dawo, yarinya ta shiga gidan miji da surutu. Ka ƙara haƙuri wata biyu. Rigar ma ita za ka sa, ka ga ba a sake ɗinki ba.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Taubashiyarka,
Salomi


Akokan, watan Nuwamba

Gwaggo Salomi,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da yara. Mama tana nan, tana cin abinci kaɗan, ba ta cika magana ba. Mun gode da gaisuwar da kuka aiko.

Ranar da fasto ya kira ki ya ba ni wayar, abin da kika fara tambaya cikin kuka shi ne, "Hantar ce?" Ban amsa miki ba. Ga amsar.

Da safe ne, rumfa cike da direbobi. Baba ya sauke tukunyar shinkafa daga wuta, ya ajiye ta a hankali, ya je ya zauna kan kujerar nan tasa ta gaban rumfa. Ya riƙe hannunsa na hagu, ya ce wa Ousmane ƙwannafi ne, a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan ya zame ƙasa. Aka sa shi a mota, ba su kai lopital da ransa ba.

Likita Ismaghil ya zo gaisuwa. Ya zauna a bakin tabarma, ya ce zuciya ce, hanyar jininta ta toshe. Hantar tana nan yadda ya gan ta, ba ita ta yi komai ba. Ya ce, "Rai na Allah ne, ba zan ce da ya bi magana nawa da bai mutu ba. Amma ya fara hanya mai kyau, ban san me ya mayar da shi ba. Na gan shi kasuwa, ban kira shi ba, wannan yana damu na." Na ce masa kwaɗayi ne ya mayar da shi, haka Baba ya gaya mini. Sai Mama ta tashi ta shiga ɗaki. Na bi ta, a nan ta gaya mini komai: hoton, da sharaɗin, da telan.

Gwaggo, ni na tsaya a gaban Baba na ce masa ba shi da haƙuri. Ya kalle ni ya ci gaba da cin tuwonsa. Da wannan maganar tawa ya tafi.

Masu zuwa gaisuwa bakinsu ɗaya. "Ikon Allah, mutum ya warke, ya yi ƙiba, ya yi kyau, sai mutuwa farat ɗaya." Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in yi ihu, amma sai in ce amin. Wanda ya taɓa zuwa da cokalinsa a aljihu, shi ya fi kowa kuka.

Takardarki ta ƙarshe ta iso bayan an binne shi, da kanwar. Na karanta. Ban ce kin yi nufin mugunta ba, na san don ni kika yi. Amma ba wanda ya tambaye ni. Da an ce mini in zaɓa, da na zauna a gidan nan har in tsufa, ina haɗa masa shayi ba sukari yana ɓata fuska.

Yosuwa ya zo har Arlit a kan mummunar hanyar nan. Bai san komai ba, da na gaya masa sai ya rufe fuska. Ina son sa, ban daina ba, amma ban ba shi amsa kan maganar auren ba. Mahaifinsa ya aiko a gaya mana za a iya ɗaga biki zuwa bayan Ista, kuma wai shi shaida ne, lafiya lau ya ga Baba da idonsa. Ban san yadda zan durƙusa a gaban mutumin nan in ajiye masa abinci ba. Ina roƙon ki kada ki sake zuwa gidansu a kan maganata, kuma kada ki sa ni a addu'ar zumunta.

Mama ta so a sa masa farar rigarsa ta dattawan ikilisiya. Na ce a'a, shaddarki za a sa masa, tun da don ita ya yi duk abin da ya yi. Dattawa biyu ne suka sa masa, sun ce sai da suka yi dabara kafin maɓallin wuya ya shiga. Ki gaya wa tela aikinsa ya yi kyau. Ta yi masa daidai, Gwaggo.

Ƴarki,
Bangaskiya